Tambayar Lafiyar Shugaba Ba Mugun Fata Ba Ce

A watan Maris na 2007, ana tsaka da yaƙin neman zaɓe, labari ya karaɗe ƙasa cewa Umaru Musa 'Yar'adua ya rasu a wani asibiti a Jamus. Obasanjo, wanda shi ya ɗauko shi daga Katsina ya tsayar da shi takara, sai ya kira shi a waya daga kan dandamalin taron siyasa, aka kara wayar a lasifika, ya tambaye shi a bainar jama'a ko ya mutu ne. Muryar 'Yar'adua ta fito, ya ce yana nan da ransa. Aka yi tafi, aka yi sowa, aka watse. Iyakar binciken lafiyar da 'yan Najeriya suka samu ke nan a kan mutumin da zai karɓi ragamar ƙasarsu bayan wata biyu da 'yan kwanaki. An tabbatar mana yana numfashi, mu kuma muka ɗauka an ba mu amsa.

Daga wancan lokaci zuwa yau, mutum uku ne suka karɓi mulki daga hannun wanda ya gabace su a ranar 29 ga Mayu: 'Yar'adua a 2007, Buhari a 2015, Tinubu a 2023. Su ukun duka sun shiga fadar Aso Rock ana ƙus-ƙus a kan lafiyarsu, kuma babu ɗayansu da ya zauna ya yi wa masu zaɓe cikakken bayani kafin su dangwala masa. Ga 2027 ta ƙarato, manyan da ake ambata a takara mafi yawansu sun ba shekara 60 baya, wasu sun haura 70 da nisa. Maganar za ta sake tasowa ko muna so ko ba ma so.

Ni mazaunin ƙauye ne a ƙasar Ringim, inda labarin Abuja yake iso mana ta rediyo da safe, ta wayar samari da daddare, sannan ta farashin kaya ranar Lahadi a kasuwar Gujungu. A teburin mai shayi ko a inuwar darbejiyar ƙofar masallaci bayan la'asar, in ka ji wani ya ce sabon shugaba garau yake, wani kuma ya ce ai gawa ce ake yawo da ita, kada ka wahalar da kanka da tambayarsu inda suka gani. Tambaye su wanda suka zaɓa, za ka san dalilin kowa. Yardar da muke yi wa shugaba mai jiran gado tana bin ko namu ne ko nasu ne. Tambaya guda, ba a canza ko harafi ba, in an yi ta a kan nasu sai a ce kishin ƙasa, in an yi ta a kan namu sai a ce mugun fata.

A watan Janairun 2015 Ayo Fayose, gwamnan Ekiti na lokacin, ya biya aka buga talla a shafin farko na wasu jaridu: ga hoton Murtala, ga na Abacha, ga na 'Yar'adua, dukkansu 'yan Arewa maso Yamma da suka rasu a kan mulki, sai na Buhari da alamar tambaya. Wannan kam mugun fata ne tsagwaronsa, kuma fushin da aka yi a nan Arewa yana kan hanya. Sai dai an haɗa tambayar da mai tambayar an watsar gaba ɗaya. Dattijo mai shekara 72 zai hau kujerar da take tsotse ɗan shekara 50, amma a garinmu duk wanda ya ce "anya Baba zai iya?" sai a yi masa kallon ɗan koren PDP ko maƙiyin talaka. Kano ta ba shi ƙuri'a sama da miliyan 1.9, Jigawa sama da dubu 880. Samari suka riƙa yin tattaki a ƙasa daga jiha zuwa jiha don murna. Ban taɓa ganin yarda irin wannan ba, kuma ba na jin zan sake gani. An ba shi ita kyauta, a dunƙule, kafin ya sa hannu a takarda ko ɗaya.

Alamu kuwa ba su ɓuya ba. An rantsar da shi a ƙarshen Mayu, ministoci ba su kama aiki ba sai Nuwamba. Masu kare shi suka ce tacewa yake yi don kada ɓarawo ya shiga. A Oktoban 2016 mai ɗakinsa, Hajiya Aisha, ta faɗa a sashen Hausa na BBC cewa wasu 'yan tsiraru sun kankane gwamnatin, kuma mafi yawan waɗanda ake naɗawa shi kansa bai san su ba. Maimakon a saurari maganar, sai aka koma muhawarar ko ya dace mace ta fallasa mijinta a rediyo. Da 2017 ta kama, ya tafi Landan jinya daga 19 ga Janairu zuwa 10 ga Maris, ya sake komawa daga 7 ga Mayu zuwa 19 ga Agusta. Kimanin wata biyar ke nan a cikin shekara guda. Da bakinsa ya ce bai taɓa yin ciwo irin wannan ba, har ya ambaci ƙarin jinin da aka yi masa. A yi masa adalci: duk tafiyar yakan rubuta wa majalisa takarda ya miƙa wa Osinbajo riƙon ƙasa, abin da ya hana a faɗa ramin da aka faɗa a zamanin 'Yar'adua. Amma har ya sauka a 2023 ba a taɓa gaya wa talakawan da suka bi layi cikin rana dominsa sunan ciwon ba. Masu zanga-zangar "ko ya dawo ko ya sauka" da suka fito a Abuja, magoya bayansa ne suka fatattake su a kasuwar Wuse. Wannan shirun ne ya haifi tatsuniyar cewa ya rasu an musanya shi da wani Jibrin daga Sudan, har ta kai shugaban ƙasa guda, a Disamban 2018 yana ƙasar Foland, sai da ya tsaya yana tabbatar wa mutane cewa shi ne da kansa. Allah ya jiƙan Muhammadu Buhari, ya rasu a Landan a Yulin 2025 aka kai shi makwancinsa a Daura. Ciwon ba laifinsa ba ne. Ɓoye shi da aka yi, da yadda muka taya ɓoyewa, a nan laifin yake.

Abin da yake rufe mana baki a wannan magana na san shi, don a cikinsa na tashi. In saurayi ya ce wa dattijo, "Baba, mutumin nan fa kamar ba shi da lafiya," amsar a shirye take: "Kai yaro, rai a hannun Allah yake. Nawa ne masu lafiya suka kwanta ba su tashi ba?" Babu musulmin da zai ja da wannan. Ga kuma kunya irin tamu, wadda ta sa ko ciwon maƙwabci ba a kiran sunansa, sai dai a ce "yana fama da jiki". Halin kirki ne a tsakanin maƙwabta. Amma ba ajalin ɗan takara ake tambaya ba, wannan sanin na Allah ne shi kaɗai. Ana tambayar ko zai iya aikin da shi da kansa ya zo ya ce a ba shi.

Addinin da ake fakewa da shi don hana tambayar, shi ne ma ya koya mana ita. A Suratul Ƙasas, da 'yar dattijon Madyana za ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa aiki, abu biyu ta haɗa: ƙarfi da amana. A Suratul Baƙara, da Banu Isra'ila suka raina Ɗalutu don ba shi da dukiya, aka amsa musu da cewa Allah ya ƙara masa yalwa a ilimi da jiki. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin Abu Zarri, Allah ya ƙara masa yarda. Sahabi ne da aka yi wa shaidar gaskiyar harshe irin wadda ba a yi wa kowa ba. Duk da haka, da ya nemi a ba shi shugabanci, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya masa cewa shi mai rauni ne, ita kuwa amana ce. Malamai sun yi bayanin cewa raunin na iya riƙon jama'a ne da ɗaukar nauyin mulki. To in gaskiya kaɗai ba ta isar wa Abu Zarri ba, ban ga dalilin da za a ce ta isar wa wani ɗan siyasa ba, kome kyawun laƙabin da muka ba shi.

In mutum yana son ya ga abin da ɓoye ciwon shugaba yake jawowa, ya koma ƙarshen 2009. Ranar 23 ga Nuwamba aka ɗauki 'Yar'adua zuwa asibiti a Jidda, likitansa ya ce kumburin fatar da ta lulluɓe zuciya ne. Tun yana gwamnan Katsina ake maganar ciwon ƙoda, amma ba a taɓa zama an yi wa jama'a bayani ba. Ya tafi bai miƙa wa mataimakinsa mulki a rubuce ba, ƙasa ta zauna ba mai sa hannu. Ministan shari'a na lokacin, Michael Aondoakaa, ya ce shugaba yana iya mulki daga ko'ina a duniya. Aka ce an kai masa ƙwarya-ƙwaryar kasafin kuɗi har gadon asibiti ya sa hannu, mutane da yawa ba su gaskata ba. Sabon alƙalin alƙalai, Katsina-Alu, alƙalin alƙalai mai barin gado, Idris Kutigi, ne ya rantsar da shi, don babu shugaban da zai yi. Rikicin Jos ya ɓarke a Janairun 2010 ana cikin wannan hali. Sai a tsakiyar watan ne aka ji muryarsa a BBC, a raunane, ta waya. Da wannan 'yar hirar majalisar tarayya ta kafa hujja ranar 9 ga Fabrairu ta mai da Jonathan muƙaddashi, da wata dabara da suka kira dokar larura, wadda ba ta cikin kundin tsarin mulki. Bayan mako biyu aka shigo da 'Yar'adua Abuja cikin dare, jama'a ba su sake ganinsa ba har Allah ya karɓi ransa ranar 5 ga Mayu.

Wa yake mulkin Najeriya a waɗannan watanni? Mutanen da ba mu zaɓa ba, ba mu rantsar ba, wasu ko fuskarsu ba mu sani ba. Bahaushe ya ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, mu kuma mun riƙe karin maganar nan muna wanke duk shugaban da muke ƙauna. Amma bafade ba ya yin ƙarfi sai sarki ya yi rauni, kuma shi ya fi kowa amfana da a rufe ƙofa a ce mai gida yana hutawa.

Kundin tsarin mulkinmu na 1999 ya ba fadawa wannan dama da hannunsa. Sashe na 131 ya lissafa sharuɗɗan tsayawa takarar shugaban ƙasa: haifaffen ɗan ƙasa, shekara 40 da aka rage zuwa 35 a 2018, ɗan jam'iyyar da ta tsayar da shi, mai ilimin sakandare ko makamancinsa. Babu maganar lafiyar jiki ko kaɗan. In kuma ya hau ya kasa, sashe na 144 ya ce sai kashi biyu cikin uku na majalisar ministoci sun zartar cewa ba zai iya ba, sannan shugaban majalisar dattawa ya kafa kwamitin likitoci biyar, har da likitan shugaban. Wato waɗanda ya naɗa, waɗanda kujerarsu take rataye da tasa, su ake jira su ce ya gaza. A zamanin 'Yar'adua ministocin sun zauna sun ce lafiyarsa ƙalau ta mulki alhali ba sa ganinsa. Marigayiya Dora Akunyili, ministar yaɗa labarai ta lokacin, ita ce ta yi ta maza ta kawo takarda tana neman a faɗi gaskiya. Bayan abin ya wuce an gyara sashe na 145, aka ce in shugaba ya yi kwana 21 bai miƙa mulki ba majalisa tana iya miƙawa. Na 144 yana nan yadda yake.

Kada a fahimce ni da cewa mara lafiya ba ya mulki. 'Yar'adua, da ciwon nasa, ya tsaya ranar rantsuwa ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kafa kwamitin Mai shari'a Muhammadu Lawal Uwais don gyara, ya bayyana kadarorinsa a fili, ya yi afuwar da ta kwantar da tarzomar Neja Delta a 2009, kuma a hannunsa litar mai ta sauko daga naira 75 zuwa 65. Har yau in an ambace shi a kasuwa addu'a ake yi masa. Shekaru ma ba su ne ma'auni ba, shi ne ƙarami a cikin ukun, yana da 55 ya hau, kuma shi ne ya rasu a kan kujera. A Ghana, Atta Mills ya rasu a Yulin 2012, a ranar aka rantsar da mataimakinsa, ƙasa ba ta girgiza ba. Ciwo da mutuwa suna kan kowa. Abin da ake nema shi ne a san halin da ake ciki, a san wanda zai riƙe in an kwanta.

Zaɓen 2023 ya nuna wani gefen na matsalar, kuma a ganina shi ne mafi ciwo. A wannan karo an yi tambayar lafiya har ta yi yawa. Wayoyin samari sun cika da bidiyon hannun Tinubu yana rawa, da na tuntuɓen harshe a wurin taro. Shi kuma ya saki nasa yana tuƙa keken motsa jiki. A Disamban 2022 da aka yi masa tambayoyi a cibiyar nazarin harkokin duniya ta Chatham House da ke Landan, sai ya rarraba wasu ga 'yan tawagarsa, har da Nasiru El-Rufa'i, su amsa a madadinsa. Bayan an ce shi ya ci ya tafi Faransa, bai dawo ba sai ƙarshen Afrilu, aka yi ta cewa ba zai kai ranar rantsuwa ba. Waɗanda suka hana a tambayi lafiyar Buhari, wasunsu su ne suka zama likitocin Tinubu daga kan benci. Waɗanda suka bi shi kuwa, saboda gwamnoninsu ko saboda tikitin Musulmi da Musulmi da aka yi ta tallatawa a mumbari, sai suka ari tsohuwar amsar nan ta rai a hannun Allah. Akwai ma rukuni na uku da na ji da kunnena, masu cewa a ƙasa-ƙasa a zaɓe shi kawai, ai ba zai daɗe ba, mulki ya dawo Arewa ta hannun Kashim Shettima. In ana neman mugun fata na gaske, ga shi nan, kuma daga bakin masu dangwala masa ya fito.

Ƙuri'un da kansu sun nuna ba a taru a kan yarda da shi ba. Ya samu miliyan 8.79, ƙasa da kashi 37 cikin ɗari na waɗanda aka kaɗa, a zaɓen da bai fi kashi 27 cikin ɗari na masu rajista suka fito ba. A Kano Kwankwaso ya kusa ninka shi. A Jigawa ya sha da ƙyar a hannun Atiku, dubu 421 da dubu 386.

Sai ga ranar 29 ga Mayu. Mutumin da aka ce ba zai iya tsayuwa ba ya tsaya a dandalin Eagle Square ya ce tallafin mai ya tafi. Kafin mako ya zagayo litar da ake saya ƙasa da naira 200 a gidan mai ta haura 500. A watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta yi ƙasa, duk abin da ake shigowa da shi ya tashi, har da taki da maganin feshi. A ƙarshen Yuli, bayan sojoji sun kifar da Bazoum a Nijar, ƙungiyar ECOWAS da Tinubu yake shugabanta a lokacin ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Wanda yake zaune a Abuja zai ɗauka wannan siyasar ƙasa da ƙasa ce. Wanda ya san kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san dabbobin da suke shigowa daga Damagaram da hatsin da yake fita, ya san gidaje nawa ne suke ci daga nan. Cikin wata biyu, hukunci uku, kowanne ya shigo har tsakar gidanmu. Manomin rani a fadamun Auyo da Hadejia, wanda injin ban-ruwansa da fetur yake aiki, ya rage fili ko ya koma haɗa injin da tukunyar gas ta girki. Ɗan acaɓa ya ninka kuɗi ya rasa fasinja. A Agustan 2024 zanga-zangar tsadar rayuwa ta kai ga dokar hana fita a Kano da Jigawa. A Oktoba kuma, lokacin da lita ta haura naira dubu, tankar mai ta faɗi a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, nan kusa da mu, mutane suka fito kwasa, wuta ta tashi ta ci sama da mutum 150. Kwasar mai daga tankar da ta faɗi ta girmi wannan gwamnati, na sani, amma duk wanda ya je ta'aziyya ya ji abin da ake cewa ya kai su.

Ba muhawarar ko cire tallafi daidai ne na zo yi ba. Masu goyon baya suna da hujjarsu, kuma gaskiya ne kason da jihohi suke karɓa ya ƙaru sosai. Abin da nake cewa, maganar ba a ɓoye take ba. Tinubu ya faɗa a lokacin kamfen cewa zai cire, Atiku da Peter Obi ma sun faɗa, kasafin 2023 da Buhari ya sa wa hannu bai tanadi kuɗin tallafi ba sai zuwa Yuni. Amma a duk zaman da na yi a majalisun garinmu kafin zaɓe, ban ji wanda ya tambayi wakilin jam'iyya yadda za a cire ba, a hankali ne ko lokaci guda, da me za a tare wa manomi da ɗan makaranta. Mun zuba wa hannunsa ido muna jiran ya yi rawa, ba mu saurari bakinsa ba. 'Yan siyasa kuwa sun ji daɗin haka. Sojojin bakansu suna gidajen rediyo suna jifan juna da zancen wa ya tsufa wa ya rikice, taliya da sabulu da atamfa suna zagaya gidaje.

Cancanta ke nan ta haɗa abu fiye da ɗaya, kuma ba takardar likita ce za ta gama mana ita ba. Duk da haka takardar tana da amfani. A Kano, tun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure: ƙanjamau, ciwon hanta, da gwajin jini saboda sikila. A nan Jigawa ma limamai da yawa ba sa ɗaura aure sai sun ga takardar asibiti. Da farko an yi gunaguni, yanzu ya zama jiki, kuma babu uban da yake jin ya yi wa mai neman 'yarsa mugun fata don ya ce a je a yi gwaji. Ga binciken hali da sana'a da asali da ake yi a kan saurayi kafin a karɓi kuɗin gaisuwa. Duk wannan a kan gida ɗaya. Wanda za a ɗaura wa mutum sama da miliyan 200 na shekara huɗu, shi ne muke jin nauyin tambaya.

Za a ce takarda ana iya shirya ta, kuma haka ne, mai neman shugabancin Najeriya ba zai rasa likitan da zai rubuta masa abin da yake so ba. Shi ya sa na fi ba da ƙarfi ga abin da ido zai gani kunne ya ji. A Amurka an daɗe ana cewa Joe Biden lafiyarsa ƙalau, likitocinsa suna fitar da rahoto. Muhawara guda a gaban talabijin a Yunin 2024 ta rushe zancen, kafin wata ya cika ya janye daga takara. Gani ya kori ji. Mu a nan manyan 'yan takara sun mai da gudun muhawara al'ada: Buhari bai je ta 2015 ba, bai je ta 2019 ba, Atiku ya zo wurin a 2019 ya ƙi hawa da ya ga babu shi, Tinubu ma ya kauce wa irin waɗannan zama a 2023. Mutumin da ya zauna awa biyu ana yi masa tambayoyin da bai gani ba tun farko, babu takarda, babu mai amsa masa, za a gane ƙarfin jikinsa, a gane kaifin tunaninsa, a kuma ji abin da yake shirin yi, duka a zama ɗaya. Gidajen rediyonmu na Kano da Dutse da Hadejia, waɗanda suke sayar wa sojojin baka fili kullum dare, za su iya haɗa kai su nemi wannan zama da tafinta, su kuma riƙa sanar da sunan duk wanda aka gayyata ya ƙi zuwa.

Sai abokin takara, wanda a nan ba mu duba komai a kansa sai addininsa da yankinsa. A 2007 mutane ƙalilan ne a ƙauyukanmu suka san sunan Goodluck Jonathan, ya zo ya yi shekara biyar yana mulkinmu. Osinbajo ya riƙe ƙasar wata da watanni a 2017. Sau biyu ke nan cikin shekara goma na biyun ya zama na ɗaya. Hotonsa dai yana nan a fosta, ƙarami, a gefe.

Gyaran sashe na 144, yadda za a cire hukuncin daga hannun ministoci a ba wani kwamitin likitoci da shugaba bai naɗa ba, da ƙara sharaɗin bayyana duk wani ciwo mai tsanani kafin zaɓe, yana buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu da amincewar majalisun jihohi 24 daga cikin 36. Kano tana da 'yan majalisar wakilai 24, Jigawa tana da 11, kowacce da sanatoci uku. Da yawansu za su shigo ƙauyukanmu da jiniya nan ba da daɗewa ba suna neman a maimaita musu, kuma wanda bai zo da kansa ba zai aiko kansila ko shugaban jam'iyya na mazaɓa. Lokacin da za a tambaye su ke nan, kafin a sauke kwalayen taliya daga mota.